Ramuka Shida Da Suka Sa Na So Lissafi

Tun ina aji ɗaya ba ni da abin ƙi kamar darasin lissafi, musamman ranar da Malam zai ce kowa ya fito da rula da kamfas. A ganina zana da'ira aikin wanda ba shi da aikin yi ne. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

A hutun Disamba na shekarar 2023 na tafi Faskari wurin kawuna. Yana da injin niƙa, da shi yake ci da iyali, da shi kuma yake biya mini kuɗin makaranta. Lokacin kaka ne, mata da yara na layi da masara da dawa tun da sassafe. Ana cikin haka sai faifan ƙarfen da ke haɗa injin da gargaren da bel ke hawa ya tsage. Faifan nan ramuka shida gare shi a kewaye, kowane da ƙusarsa da noti.

Wani mai walda ya ce abu mai sauƙi ne. Ya yanko sabon faifai, ya huda shi da ƙiyasin ido. Ƙusoshi huɗu suka shiga, biyu suka ƙi, sai ya faɗaɗa ramukan. Da aka tayar da inji sai ya kama rawa kamar mai jin sanyi, bel na ta zamewa. Kwana uku boris ya ƙone. Masu niƙa suka koma wani wuri. Da dare na ji Kawu na cewa in haka ta ɗore, komawata makaranta sai dai wani ikon Allah. Ranar ban yi barci ba.

Sai aka ba mu labarin wani tsohon makaniki a Ƙanƙara, mutumin Sabuwa, wanda ya koyi aiki zamanin shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975. Muka ɗauki gargaren muka tafi, muna addu'ar hanya.

Tsohon bai taɓa injin huda ba tukuna. Ya ɗauki rula ya auna gargaren, daga bakin waje na rami guda zuwa bakin ciki na ramin da ke fuskantarsa. Ya ce wannan daidai yake da awo daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. Ya sami milimita 120. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan makaranta, rabinsa nawa?" Na ce, "Sittin, Baba."

Ya nemo tsakiyar sabon faifai ya buga alama da ƙusa mai tsini. Ya buɗe kamfas na ƙarfe milimita 60, ya zana da'ira. Bai sāke buɗin kamfas ɗin ba, ya dinga taka shi a kan layin da'irar, ɗaya, biyu, har shida. Takun ƙarshe ya faɗa daidai inda ya fara. Nan gabana ya faɗi, domin abin nan ne Malam ya zana mana a allo ina gyangyaɗi. Da'ira digiri 360 ce, in an raba shida kowane rami ya sami 60, kuma tazarar rami da maƙwabcinsa ta zo daidai da rabin faɗin da'irar.

Ya ce ba girman faifai ake dubawa ba, da'irar da ramukan ke zaune a kanta ita ce magana. Ya ba mu misali da mota. Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ƙusoshin tayarta huɗu ne a kan da'irar milimita 140. Toyota Hilux mai ƙusa shida kuwa tata milimita 139.7 ce. In ramuka biyar ne, tsakaninsu digiri 72, kuma babu ramin da ke fuskantar wani, sai an yi lissafi. Manyan masana'antu kwamfuta ke nuna wa inji inda zai huda, amma lissafin ɗaya ne.

Da ya huda, ƙusoshi shida suka shige ba ko guduma. Ya gargaɗe mu mu ɗaure noti ɗaya, sannan na ƙetarensa, kada mu bi su a jere. Muka koma Faskari muka ɗaura. Inji ya tashi sumul, Kawu ya yi hamdala, kafin mako ya zagayo layi ya dawo.

Ga shi yau ina aji, kuɗin makarantata daga injin nan suka fito. 'Yan'uwana ɗalibai, kada mu raina abin da ake koya mana don ba mu ga amfaninsa yau ba. Ni dai yanzu in Malam ya ce a fito da kamfas, nawa ne kan fara hawa kan teburi.