Tafiyarmu Zuwa Dutsen Sukur

Da hutun kaka ya gabato, mu shida 'yan ajin ƙarshe muka yi shawara mu tafi mu ga Sukur, wani ɗan gari da ke bisa duwatsun Mandara, cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Dalili kuwa, mun sha ji a aji cewa a shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa wurin nan cikin kayan tarihin duniya, shi ne kuwa na fari a Nijeriya. Muka ce, mene ne bisa dutsen nan da har duniya ta san da shi, mu da za mu koyar da yara ba mu sani ba? Gani ya kori ji.

Da muka nemi izni, aka ce sai mun bincika lafiyar hanya tukuna. Muka bincika, aka yarje mana. Kowa ya goya jakarsa, da bargo da buta da garin rogo da ƙuliƙuli. Muka shiga mota a Mubi, muka wuce Michika da Gulak, har gindin dutse, inda ake kira Sukur Ƙasa. Nan aikin mota ya ƙare, sauran na ƙafa.

To, a nan ya kamata mu faɗi laifinmu. Tun cikin mota muke raha, muna cewa za mu ƙauyen mutanen dutse, ko me suka sani? Wani daga cikinmu har ya riƙo alli, wai ko za a bukaci ya koya musu wani abu.

Da asuba wani saurayi ya shige mana gaba, muka kama hawa. Abin da ya fara rufe mana baki shi ne hanyar kanta. An shimfiɗa ta da falalen duwatsu, ɗaya na bin ɗaya kamar matakalar bene, ba siminti, ba ƙarfe, ga shi kuwa damina nawa ta wuce bisanta ba ta wargaje ba. Hagu da dama an tare gangare da jerin duwatsu hawa hawa, don kada ruwa ya kwashe ƙasa, an shuka dawa a ciki. Kafin mu yi rabi gumi ya jiƙe mu, jaka ta zama kamar buhun gishiri, har ɗayanmu ya zauna ya ce shi kam ya fasa. Muna cikin lallashinsa sai ga wata tsohuwa da kaya niƙi-niƙi a kai, ta yi mana sannu, ta wuce. Kunya ta tashe shi tsaye. Tsawon dutsen ya ɗara mita 1,000 daga bakin teku, amma gwiwoyinmu sun ce ya fi haka.

Da hantsi muka isa. Aka kai mu ƙofar gidan Hidi, watau sarkin garin, muka tuɓe takalma muka yi gaisuwa. Gidan duk ginin dutse ne. Aka nuna mana rumbuna, da ramukan da aka gina da dutse inda ake turke sa, ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba. Sa'an nan aka haɗa mu da wani dattijo mai jin Hausa, gama harshensu dabam ne, Sakun suke kiransa.

Dattijon nan ya kai mu wurin wani tsohon murhun narka tama. Ya ce a da mata su ke tara baƙin yashi a bakin rafi bayan ruwan sama, maza su ƙona gawayi, a yi ta zuga har ƙarfe ya fito. Sandunan ƙarfen nan fatake ke saye su kai har Barno, a ƙera fartanya da gatari. Da ƙarafan tsofaffin motoci suka yi araha, sai sana'ar ta mutu, wajen shekarun 1960.

Ɗayanmu ya ce, “Baba, me ya zaunar da ku nan sama, ga fili a ƙasa?”

Ya dube mu, ya tambaya ko mun taɓa jin sunan Hamman Yaji. Muka yi shiru. Ashe shi ne ya sarauci Madagali a farkon ƙarni na 20, ya riƙa aiko da mayaƙa da bindigogi suna kama mutanen duwatsu bayi, har ya sa aka rubuta masa hare-harensa cikin littafi daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. Ba a nan wahalarsu ta tsaya ba, gama a 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen suka ƙona gidaje. Mutane suka watse, daga baya suka komo suka sake gini. Ya faɗi wannan duka ba da fushi ba, sa'an nan ya ce, “'Ya'yana, tun da malamai za ku zama, me za ku gaya wa yara a kanmu?”

Ba wanda ya iya amsawa. Mai alli ya sunkuyar da kai. Mun haddace sunayen sarakunan Ingila, amma labarin maƙwabtanmu sai da muka hau dutse muka ji shi.

Daren nan hunturu ya kaɗa, bargo ɗai ɗai bai ishe mu ba, masu masaukinmu suka hura mana wuta, suka kawo tuwon dawa. Da gari ya waye muka yi sallama muka gangaro, sauka kuwa ta fi hawa cin gwiwa.

To, 'yan'uwa, wanda ya yi niyyar zuwa, ya fara tambayar lafiyar hanya, ya rage kaya, ya ƙara bargo, ya nemi izni kafin ya ɗauki hoto ko ya taka wurin da suke girmamawa. Mu dai tambayar dattijon nan tana wuyanmu, ranar da kowannenmu ya tsaya gaban allo za a ga amsarta. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.