Taushin Hannu a Kan Jakar Iska

Da yaƙi ya ci Wad Madani a watan Disamba na 2023, jama'a da yawa sun kwararo Managil, har da yaran da a da can birnin ake kai su tiyata. Cikin masu karɓarsu akwai wata ma'aikaciyar sa barci, jikar Hausawan da suka zauna noman auduga a Jazira. Abin da ta fi nanata wa ɗalibanta shi ne yadda ake matsa jakar iska.

Idan maganin barci ya kama yaro, numfashinsa yakan raunana ko ya tsaya. Sai a ɗora masa takunkumi a hanci da baki, a riƙa tura masa iska da hannu. To, a maƙogwaro hanya biyu ce: ta gaba ta nufi huhu, ta baya ta nufi ciki. Iska kuwa inda ta sami sauƙi nan take bi. In aka matsa da ƙarfi, sai ta buɗe hanyar abinci, ciki ya kumbura, ya tokare huhu daga ƙasa, wani lokaci ya turo amai ya faɗa hanyar numfashi. Jariri ba ya jure wannan, domin gwargwadon nauyinsa yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba.

Takan ce da ɗalibi: “Ɗana, in ƙirji ya ƙi ɗagawa, tsoro zai ce maka ƙara ƙarfi. Kada ka saurare shi, gyara hanya.” Ƙeyar jariri babba ce, tana tanƙwara wuya, don haka a sa naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin kafaɗu. Yatsu su tsaya a kan ƙashin muƙamuƙi, kada su danna naman ƙasan haɓa su tura harshe baya. Allurar ma'aunin matsi kada ta wuce 15, kuma da zarar ƙirji ya ɗaga, ya isa.

Ta san dabarar da Sellick, likitan Ingila, ya bayyana a 1961, wato danna guringuntsin maƙogwaro don toshe hanyar abinci. Amma tana taka-tsantsan da ita, domin maƙogwaron jariri laushi gare shi, dannawa da yawa na iya toshe numfashin kansa. In kuwa ciki ya riga ya kumbura, siririn tiyo ake zurawa a sace iskar.

A wurinta, ƙwarewa a wannan aiki ita ce hannu ya zauna da taushinsa a lokacin da zuciya ke bugawa.