Alkakin Sallar 1988

Azumin 1988 da bazara ya zo, Sallah kuma ta faɗo a tsakiyar watan Mayu, rumbu ya yi ƙasa, damina ba ta kankama ba. A Bacirawa ta wancan zamani, kafin birni ya biyo hanyar Katsina ya haɗiye gonakinmu, daga ƙofar gida kana hango takin da jakuna suka jibge yana jiran shuka. Ni yarinya ce, aikina talla da aike.

A shekarar aka yi wa Yaya aure, kuma a gidanmu ba a barin Sallar farko ta amarya ta wuce ba a kai wa surukanta alkaki ba. Sai ga alkama ta yi tsadar da ba a saba gani ba. Tun farkon 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita daga waje, masu fulawa da masu burodi suka koma kan 'yar wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga. Manoman can sun dara, mu masu sayen tiya biyu muka ji a jikinmu. Ban san da wata doka ba a lokacin. Na dai je wurin mai awo da kuɗin da Inna ta ƙulle mini a bakin zane, ya ƙirga, ya yi dariya, ya ce in koma in gaya mata wannan farashin ya bi bara.

Washegari sai ga alkama a gida, har da sukari da man gyaɗa. Sai na lura jeren Inna ya yi giɓi. Babbar langar nan mai jajayen furanni, wadda ta zo da ita ranar aurenta kuma ba a taɓa zuba mata ko ruwa ba, babu ita.

"Inna, ina langarki?"

"Aro aka yi. Ke dai mirgino mini turmi."

Na yarda, wallahi. Har na yi wayo ina jiran masu aron su dawo da ita.

Goggo, yayar Baba, ita ce gwanar alkaki a unguwar. Ta sa aka wanke alkamar, aka shanya, aka ɓarza ta tsaki-tsaki, don a wurinta wanda ya yi alkaki da gari mai laushi cincin ya yi. Ta murje tsakin da mai har ya daina kama hannu, ta kwaɓa da ɗan nono mai tsami, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta kai ƙuryar ɗaki ya kwana. Aka ce kada yaro ya buɗe. Duk daren ina jin warin tsamin yana ratso asabari. Da hantsi ta zuba ruwan kanwa, muka kirɓa, sannan muka zauna a tabarma muna murza shi siri-siri muna naɗewa, hannu duk maiƙo, baki a bushe da ƙishin azumi.

 

Bayan la'asar aka ɗora kasko. Goggo ta yi bisimilla ta saka na farko. Ya nutse, ya taso, sai kawai ya warware, ya tarwatse, tsaki ya cika mai. Ta saka na biyu, haka. Tsakar gida ta yi tsit. Na kalli Inna, ta riƙe matsami a hannu, ba ta ƙifta ido, leɓenta na motsi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ran nan, kuma na yi mamaki, a raina ina cewa ai abinci ne kawai, in ya lalace a sake wani. Da me za a sake?

Goggo ba ta ɗaga murya ba. "Ku mayar turmi," ta ce. Duk abin da muka wuni muna naɗewa aka dunƙule, ta barbaɗa garin busasshiyar kuɓewa, muka sake kirɓawa har kafaɗata ta mutu. Ta zare itace biyu daga murhu, wuta ta kwanta. Aka kira sallar magariba, ko ruwa Inna ba ta kurɓa ba sai da na gwaji ya fito cur, ja, bai ko tsage ba. A hasken aci-balbal muka ƙarasa, ana tsamewa ana tsomawa a sukarin da aka dafa da tsamiya har ya yi danƙo.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi aka ɗora mini fanteka a ka, na taka har gidan su mijin Yaya, can wajen Ungogo. Uwar mijin ta buɗe a gaban matan gidan, ta ɗauki ɗaya, ta karya, ta juya shi a rana tana duba cikinsa. Yaya na laɓe a bakin ƙofa, ko numfashi ba ta yi. Tsohuwar ta tauna, ta ce, "Madalla, a gaida Goggonku." Ta ba ni tukuicin takardar sule biyar.

Ina shiga gida Inna ta tare ni tun ban sauke gammo ba.

"Ta karya a gabanki?"

"Ta karya."

"Sukari ya ratsa har ciki?"

"Har ciki, Inna."

Sai ta ga takardar a hannuna. Ta ce, "Kawo nan, babu gishiri a gidan."