Rasit ɗin Baba da Takardar Albashina

A ƙarƙashin gadon mahaifina, a gidanmu na Tudun Wada, akwai wani akwatin ƙarfe da ba ya buɗewa sai da dalili. A ciki akwai takardun gona, da wani ƙunshin ƙananan takardu da suka yi ja saboda tsufa, an ɗaure su da zare. Rasit ɗin haraji ne, na shekarun da ya biya tun yana saurayi har zuwa 1979, lokacin da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Fiye da shekara arba'in ke nan babu wanda ya tambaye shi su, amma bai yar da ko guda ba.

A zamaninsu haraji abu ne da ake gani da ido. Mai unguwa ya rubuta sunan baligai, dagaci ya tattara, a kai wa hakimi. Wanda ya biya a miƙa masa rasit, ya soke shi a aljihu ko a cikin hula, domin a hanyar kasuwa ana iya tare mutum a ce ya nuna. Wanda ba shi da shi ya san sauran.

Ranar da na karɓi albashina na farko, a shekarar 2022, na kai masa abin da ya sawwaƙa. Na samu aiki ne a wani kamfanin kayan noma mai zaman kansa da ke kan titin Kano zuwa Zariya, ta wajen Bebeji. Bayan ya sa mini albarka, na nuna masa takardar albashin ina ƙorafin yawan abin da aka yanke. Ya ce in karanta masa layin harajin. Na karanta. Sai ya ce, "To, ina rasit ɗinka?"

Na yi murmushi na ce, "Baba, ai yanzu ba a yin haka. Kamfani ne ke biya mana."

Ya ce, "Kuɗinka, a hannun wani, kuma babu takarda? Allah ya kyauta."

Na ɗauki maganar a zancen mutanen da. Sai da aka shekara biyu na gane ni ne ban fahimci zamanin ba.

Ga yadda abin yake. Tsarin da ake kira PAYE ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin yanke harajin ma'aikaci daga albashinsa kowane wata, ya miƙa wa hukumar haraji kafin 10 ga watan da ke biye. Zuwa 31 ga Janairu kuma ya gabatar da jerin sunayen ma'aikatansa na shekarar da ta wuce, da abin da aka yanke wa kowa. Kuɗin na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ba jihar da ofishin yake ba. Ni da ke kwana a Kwanar Ɗangora, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru, nawa na Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano ne. Abokin aikina da ke zuwa kullum daga Tashar Yari, ko da yake teburinmu ɗaya, nasa na Jihar Kaduna ne. Haka ma ɗan Doguwa da ke ƙetare iyaka da safe ya yi aiki ta wajen Saminaka, ya dawo gida da yamma: harajinsa na Kano ne.

Abin da takardar albashi take nunawa shi ne an yanke. Ba ta nuna an kai, kuma ba ta nuna an kai da sunanka. Tsakanin waɗannan ukun ne na faɗa rami.

A makon farko an ba ni fom mai shafi biyu. Na cike lambar asusun banki da natsuwa, na sake dubawa sau biyu. Gurbin lambar mai biyan haraji, wato TIN, na bar shi fayau da niyyar in dawo kansa. Ban dawo ba, ba a kuma tuna mini ba. Sannan ga matsalar da duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Hausa ya sani: a takardun makaranta sunan garinmu ne sunana na ƙarshe, a katin ɗan ƙasa sunan mahaifina ne, a banki kuma an rubuta sunan farko da wasu baƙaƙe dabam. Mutum ɗaya, suna uku.

A 2024 na sayi ɗan fili, na fara neman takardar mallaka. Cikin abin da aka buƙata har da takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna abin da mutum ya samu da abin da ya biya a shekarun baya, har uku. Na tafi da ƙarfin gwiwa, da takardun albashi na wata ashirin da huɗu a jaka. Aka duba, babu ni. Kamfanin ya biya kuɗin a dunƙule, amma a jerin sunayen da ya miƙa an sa ni da sunan makaranta, babu lamba. A idon hukuma wani mutum ne da ba a san shi ba ya biya, ni kuwa ban taɓa biyan ko kwabo ba.

Gyaran ya ci mini kusan wata uku: rantsuwa a kotu cewa sunayen nan duk nawa ne, wasiƙa daga kamfani, da zirga-zirga zuwa cikin birni a ranakun aiki. Ban yi asarar kuɗin ba. Amma da kamfanin ya rufe kafin lokacin, ko akawun da ya san zancen ya bar aiki, ban san wa zan kama ba.

Wanda zai fara aiki yanzu ya tarar da sabuwar doka. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki 1 ga Janairu, 2026. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, a yi ta hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ɗauki mai albashin naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara. Idan aka cire kashi 8 na fansho daga dukan albashin, saura 1,104,000. A cire 800,000, saura 304,000. Harajinsa 45,600 ne a shekara, wato 3,800 a wata. A tsohon lissafi da ya biya 5,540. Akwai kuma rangwamen kuɗin haya, kashi 20 na abin da mutum ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000. Sai dai wannan ma sai da shaida, kuma a garuruwanmu haya da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali da maƙwabci. Wanda bai roƙi mai gida ya rubuta masa rasit ba ya bar haƙƙinsa.

Lambar NIN ita ce yanzu madogarar lambar harajin mutum, don haka suna ɗaya ya kamata ya bi ka daga katin ɗan ƙasa zuwa banki, zuwa asusun fansho, zuwa jerin albashi. Ka cike gurbin lambar tun ranar farko. Ka faɗa wa akawu jihar da kake zaune. Ka adana kowace takardar albashi. Idan watan Fabrairu ya kama, ka tambaye shi cikin ladabi ya nuna maka sunanka a jerin da aka miƙa, kuma ka nemi takardar shaidarka tun ba ka da buƙatarta.

Ranar da tawa ta fito, Tudun Wada na wuce da ita. Baba ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ko sunansa ne a bayan nawa. Na ce shi ne. Sai ya sunkuya ya jawo akwatin, ya kwance zaren, ya ɗora ta a kan nasa.