Auren Mangwaro a Lambun Baba

A Beji na fara sanin cewa bishiya ma ana ɗaura mata aure. Lambun mahaifina yana gangaren fadama, ɗan nesa da titin da ya taso daga Minna ya nufi Zungeru, kuma da hantsi ake aikin, kafin rana ta yi zafi. Baba zai zaɓi ɗan dashen mangwaro mai kaurin yatsa, ya datse kansa, ya tsaga shi. Sai ya ɗauko tohon da ya yanko daga bishiya mai 'ya'ya masu zaƙi, ya fere gindinsa, ya cusa a tsagar, ya naɗe da leda tam. Aikina riƙe wuƙa da miƙo leda. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kai yaro, duba da kyau. In ɓawo bai haɗu da ɓawo ba, auren nan bai ɗauru ba."

Dalilin maganar sai a aji na same shi, wurin malaminmu na aikin gona. Ya zana kara a allo, ya nuna mana hanyoyi biyu a cikinsa. Ta ciki ita ke jan ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta kusa da ɓawo kuma ita ke sauko da abincin da ganye ya haɗa da hasken rana. Tsakaninsu akwai wani siririn shimfiɗi mai santsi da ake kira kambiyom, wanda shi ke haifar da sabon nama. Shi Baba yake nema da bakin wuƙarsa. A ranar na gane abin da ya sa bishiyar da akuya ta gwaguye wa ɓawo har ya zagaye gindi take bushewa a hankali: an yanke wa saiwa hanyar abinci.

Malam ya sa mun jiƙa gyaɗa da masara, suka kwana a ruwa. Da safe gyaɗa ta rabe biyu a hannunmu, masara ta ƙi. Ya ce tsirrai masu fure gida biyu ne manya. Gidan masara, da dawa da gero da shinkafa, ganye ɗaya ne a cikin ƙwayar irinsu, saiwarsu buzu-buzu, jijiyoyin ganyensu a miƙe. Gidan gyaɗa, da wake da kuɓewa da mangwaro, ganye biyu ne a cikin ƙwayar irinsu, uwar saiwa mai nutsewa ƙasa, jijiyoyin ganye kamar raga. Na koma gida ina tsinkar ganye a hanya ina dubawa, har na iso gonar maƙwabcinmu Bagware, inda doya ta hau sanduna. Ganyenta faffaɗa, jijiyoyi a saƙe. Washegari na kai wa Malam, na ce, "Malam, wannan ai gidan gyaɗa ce." Ya girgiza kai, ya ce doya 'yar gidan masara ce, ganyenta ne kawai ya saɓa wa na danginta. Na daɗe ina jin daɗin wannan amsa, domin abincin da ƙasarmu ta Gbagyi ta fi tinƙaho da shi ne ya ƙi zama cikin layin da aka ja.

Haka ma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mu duk saiwa muke ce masa. Ashe rogo da dankalin Hausa ne saiwa ta gaskiya. Gwaza da dankalin Turawa kara ne da ya kumbura, shi ya sa suke da idanu masu toho. Albasa kuwa gindin ganyaye ne da suka rungumi juna. Manomi ya san haka da hannunsa, tunda ba wanda ke binne rogo ya jira tsiro, karansa ake sarewa a dasa.

Hausa tana raɗa wa tsiro suna ne bisa kama ko amfani. Gwandar daji ba ta haɗa dangi da gwandar gida ba, namijin kaɗe kuma ba mijin kaɗanya ba ne, wata bishiya ce dabam da ta ɗauko kamarta. Sunayen suna da daɗi, suna kuma aiki a daji. Amma Malam ya koya mana mu nemi zumunta a fure. Na tsinko furen kuɓewa da na rama da na yakuwa da na auduga, na jera su a tafin Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah, uwarsu ɗaya."

Nan ne karatun ya fara biyan kuɗinsa. Akwai wani fegi da tumatir ke yanƙwanewa ya mutu da ɗanyen ganye. Baba yakan sauya shuka, ya sa tattasai ko gauta, su ma su bi sahu. Da ladabi na ce, "Baba, Malam ya ce tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutar da ke cikin ƙasa duk tana cin su." Bai ce komai ba. Da rani ya zagayo, albasa na gani a fegin, bayanta masara.

Sunayen Latin ne suka fi ba mu wuya, wannan tsari na kalma biyu da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa a littafinsa na 1753. Sai daga baya na ga suna ɗauke da labari. Ɗorawar da iyayenmu mata ke dafa kalwarta su yi daddawa, sunanta Parkia biglobosa, an raɗa shi ne don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya mutu a Kogin Kwara wajen Bussa a 1806, cikin ƙasar da yanzu take Jihar Neja. Wani likita kuma, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, kowanne da takwaransa na Latin. Ranar da na fara buɗe littafin Dalziel, sunayen da nake ji a bakin kakata na riƙa nema, ina samun su ɗaya bayan ɗaya.

Bara na koma Beji. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, lambun yana hannun ƙanena. Uku daga cikin mangwaron da muka aurar suna nan, sun fi ƙarfin runguma. Na durƙusa na shafa gindin ta farko, daidai tsayin gwiwa, na ji ɗan tudun da ya zagaye ta, inda ɓawo ya haɗu da ɓawo.