Waken da ƙwaro ya ƙi ci

Satin da ya wuce na tai Bazaga gaida inna. Ta dahwa min shinkahwa da wake, ina buɗe kwano sai warin piya-piya ya bugi hancina. Na ce, "Inna, mi aka sa ma waken ga?" Ta ce haka ta sayo shi kasuwa, har wanki ukku ta yi mishi.

Muna yara, da toka ko rairai ake cuɗe wake a aje. Yanzu 'yar kwalbar magani ce ake yayyahwawa cikin buhu, ƙwaro ya mutu, mu ci abin da ya rage. Irin gubar nan ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Mu ko muna zuba ma yaranmu.

Na san manomi asara yake gudu. Amma akwai buhun PICS mai ninki ukku: in an ɗaure shi tam, iska ya ƙare, ƙwaro ya mutu ba magani. Na kai ma inna biyu, in kaka ta yi mu sayi namu bakin gona.

Ku hwa, kuna sunsuna wake kahin ku biya kuɗi?