Kafin Ka Zuba Wa Kifinka Kafso, Duba Matatar Ruwansa

Yau maganar kifi za mu yi, amma ba na tukunya ba, na cikin babban akwatin gilashi da ake ƙawata falo da shi a Minna, har ma a nan Wushishi da kogin Kaduna ke bakin ƙofarmu.

Abin da ya kawo kifi shafin lafiya shi ne masu zuwa kantin magani neman kafso mai ja da rawaya, wato tetirasaikilin, don su zazzage shi cikin ruwan kifi. Kifi ya daina cin abinci, yana tasowa sama yana haki, sai a ce cuta ce. Ni ba na sayarwa. Sau da yawa ruwan ne ya zama guba, kafson kuma ƙara ɓata shi zai yi. Daga baya a zubar da ruwan nan mai magani a kwata, inda ƙwayoyin cuta ke koyon jure wa maganin da gobe ɗanka zai buƙata.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe haka. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A akwati kuwa, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi da canjin ruwa. A cikin matata waɗannan ƙwayoyi ke zama, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kafso ɗin nan su ma yana iya kashe su.

Don haka idan za ka sayi matata, gida kake saya wa bakteriya, kada ƙyalƙyalin kwali ya ruɗe ka. Ruwa ya fara bi ta soso mai manyan ramuka, ya tare datti. Sai ya wuce ta zobban yumɓu ƙonanne ko duwatsu masu ƙofofi, waɗanda ya kamata su ci mafi yawan gurbin. Gawayin da aka sarrafa, irin wanda muke ba wanda ya haɗiyi wasu nau'o'in guba a asibiti, yana ɗauke wari da launi, amma bayan mako 3 ko 4 ya ƙoshi, kuma ba ya magance amoniya. Ba dole ba ne. Na girki kuma ba ya maye gurbinsa.

Famfon ya iya juya ruwan akwatin sau 4 ko 5 a awa ɗaya. Akwatin lita 300 ke nan yana son mai tura lita 1,200 zuwa 1,500.

Sai batun wuta. Madatsar Zungeru tana nan kusa da mu, amma kowa ya san a kan ɗauke wuta. Matata mai tsada, irin rufaffiyar nan mai kama da bokiti da ake ɓoyewa ƙarƙashin akwati, tana aiki sosai muddin famfo na juyawa. Idan ta tsaya na awoyi, iskar ciki ta ƙare, bakteriyar ta fara mutuwa, wuta na dawowa sai ta amayo ruɓaɓɓen ruwa kan kifin. A zafin Maris da Afrilu abin ya fi muni, domin ruwa mai ɗumi iskar da yake riƙewa kaɗan ce. A ganina, gidan da ba shi da sola ya haɗa da matatar soso guda biyu masu aiki da famfon iska na batir. Ba su da kyan gani, amma su ne ke kwana suna aiki. Rufaffiyar kuma idan ta yini a kashe, a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna.

Uwargida, na san tsafta taki ce, amma kada ki wanke soson nan da omo ko ruwan famfo mai kulorin. Matse shi a cikin ruwan da kika ɗiba daga akwatin, kuma kada a canja soso da zobba rana ɗaya. Kowane mako a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda aka cire wa kulorin.

Kada a aiki yara su ɗebo ciyawa ko dodon koɗi daga kogi don ado, domin wasu dodon koɗin ne ke ɗauke da tsargiya. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan aikin. Idan ƙurji ya fito wa mai kula da akwatin a yatsa ya ƙi warkewa, a faɗa wa likita cewa akwai kifi a gidan.